Rigar Farko

Tun janareton maƙwabta bai yi tarin farko ba
na rataye rigata a reshen gwaiba,
na aje silifas a kan bulo,
na shiga bayan gidan Baba Ajani da adda
da gajeren wandon da ya san gwiwata.

Ijede ba ta san sanyi ba.
Iskar bakin ruwa takan zo da ƙarnin kifi,
ta lashi baya, ta bar danshi.
Wata bakwai ina gadi cikin kakin da ba ya numfashi,
da hula, da bel, da takalmi mai nauyin bashi.
Yau fata ta fito shan iska.
Ita ce rigar farko,
ba tela ya ɗinka ba, ba a kai ta wanki.

Tofa ta kai ƙugu.
Ta yanke ni a damtse, siririn layi kamar zare,
na ce mata, mun yi gaisuwa ke nan.
Mai takalmi ba ya jin labarin ƙasa.
Tafin ƙafata ne ya gaya mini inda tana ta kwana,
inda tsohuwar kwalba ke jira da haƙori,
inda cinnaka suka kafa gari
ba su nemi takarda a wurin kowa ba.

Sara, ja, tara.
Sara, ja.
Ledar ruwa ɗari, gwangwanin madara,
takalmin yaro ƙafa ɗaya,
tsohuwar taya cike da ruwan bara da 'ya'yan sauro.
Birnin nan duk abin da ya tauna
bayan gida yake tofarwa.

Sai na ɗaga wani ruɓaɓɓen katako.
Katantanwa tara a manne,
kowacce da ɗakinta a baya,
babu mai binta kuɗin haya.
Na tsuguna na daɗe.
Jan-gwada a kan katanga yana ta gyaɗa kai
kamar ya ji abin da ban faɗa ba.

Shuwakar da ke lungu na kewaye ta.
Gwandar da ta fito da kanta a gindin famfo na ƙyale ta.
Ba duk kore ba ne ƙazanta,
haka Inna Tabawa kan ce a Gummi
in ta ga mun ɗauki lauje da zafin kai.

Da hantsi Baba Ajani ya leƙo ta taga,
carbi a hannu, rediyo a kafaɗa.
Tanimu, ina rigarka?
Na nuna gwaiba. Ya yi dariya har da tari.
Sannan ya ce in share duka, har shuwakar,
ranar Litinin masu siminti za su zo,
ɗansa yana son wurin aje mota biyu.

Ban ce komai ba. Gidansa ne.

Na kwashi katantanwa a tafin hannu,
sanyinsu yana tafiya a fatata,
na hau taya na miƙa su bayan katanga,
filin da magada ke shari'a a kai shekara goma.
Allah ya ja zaren shari'ar.
Na tono shuwaka da saiwarta na dasa a bokiti.

Hadari ya taso ta Epe bai yi sallama ba.
Mata suna ta kwashe shanya,
masu acaɓa sun ruga ƙarƙashin rumfa.
Ni na tsaya a tsakiyar abin da na sare,
ɗigon farko ya faɗo tsakanin kafaɗuna,
na biyu a kan yankan tofa, ya yi zafi, ya huce.
Ƙasa ta saki ƙamshin da take ɓoyewa tun Disamba.
Na tura yatsun ƙafa cikin taɓo
har ya rufe su.

Rigar tana can a gwaiba, ta jiƙe sharkaf.
Saura kwana huɗu Litinin.